Aikin gida ya koma kaina da 'yata, mazan gidan suna kallo

Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce a wata sakandare mai zaman kanta a Samaru, amma a Tudun Wada muke zaune. Ƙarfe shida da rabi nake fita, ba na dawowa sai bayan La'asar. Maigidana yana da shago a kasuwar Sabon Gari, sai Magariba yake shigowa. 'Ya'yanmu huɗu: namiji mai shekara 15, mace mai 13, namiji mai 9, sai auta mai 4. Akwai kuma ƙanin maigida da ke karatu a jami'a, tare muke zaune. Girki, wanke-wanke, shara, wanki da guga, duk ni da 'yata ne. Sau uku ina rubuta jadawali in manna a bangon kicin, ba ya kai mako biyu. Da na sa babban ɗana wanke-wanke, kakarsu da ke cikin Birni ta ji labari, ta ce ba za a mayar mata da jika mace ba. Maigida kuma ya ce shi ya sauke nasa nauyin tunda yana kawo cefane. Makon jiya malamar ajin 'yata ta kira ni ta ce yarinyar tana barci a aji, ga shi bana za ta rubuta jarrabawar aji uku. Ni ma na zama mafaɗaciya, da na yi sallama sai yara su watse. Yaya zan tsara aikin mako ba tare da na ɓata da kowa ba?

Wata uwa, Tudun Wada, Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar uwa. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada. Na karanta wasiƙarki sau biyu, wuri biyu kuma suka tsaya mini a rai: yarinyar da barci ke kwashewa a aji, da yaran da ke watsewa in sun ji sallamarki. Kwano ana wanke shi yau, gobe a sake wankewa. Amma yarinya 'yar shekara 13 da ta fara gajiya irin ta manyan mata, da uwar da 'ya'yanta suka fara gudun shigowarta, waɗannan ba a barinsu su daɗe. Kin kyauta da kika rubuto yanzu.

Ki sassauta wa kanki kan maganar faɗan. Matar da ta tashi kafin Asuba ta ɗora tukunya, ta shirya yara, ta shiga motar haya ta ratsa PZ da Kwangila har Samaru, ta wuni a tsaye gaban allo tana magana, sannan ta dawo ta tarar da kwanukan safe suna jiranta, ai dole bakinta ya yi zafi. Gajiya ce. In ta ragu, faɗan zai bi ta.

Jadawalin nan da ya mutu sau uku, ina kyautata zaton ke kaɗai kika zauna kika rubuta shi, sauran 'yan gida suka wayi gari suka gan shi a bango. Ke kika rubuta, ke kike tunawa, ke kike kira, ke kike bin sawu. Wani sabon aiki kika ƙara wa kanki ke nan. A gida, duk aikin da ba a ce ga mai shi ba, kan uwa yake faɗowa, in ya yi mata yawa ya gangara kan babbar 'yarta. Shi ya sa nake so ki rage furta kalmar taimako a gidan nan. In kin ce wa yaro "zo ka taimake ni da shara", kin gaya masa sharar taki ce, shi alfarma yake yi miki, mai alfarma kuwa ranar da ya ga dama yake yi. In aka ce masa "tsakar gidan nan taka ce", duk ranar da ta kwana da datti kowa ya san sunan da za a kira. Kuma kada ki riƙa juya aikin kullum, yau wane gobe wance. Nan ne ake samun "ai yau ba ranata ba ce". Kowa ya riƙe aikinsa har zangon karatu ya ƙare, sannan a duba ko za a sauya.

Maigidanki ba ƙarya ya yi ba. Ciyarwa nauyinsa ce, kuma wunin kasuwa ba hutu ba ne, ana tsaye ana ciniki, ana fama da bashi da tsadar kaya. Ki fara da yarda masa da wannan, da bakinki, ya ji. Sai dai ke ma fita kike yi, kuma na san da wuya a ce albashinki ba ya shiga tukunyar gidan nan. An tambayi Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, abin da Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Hadisin yana cikin Buhari, kuma mai yiwuwa maigidanki ya san shi. Kada ki jefa masa shi kamar dutse a tsakiyar gardama. Ki bari ya ci abinci, ya yi Isha, yara sun kwanta, ki fara da kiran da malamar ajin ta yi miki. Namiji yana iya jin matarsa ta ce ta gaji ya wuce, don kunnensa ya saba. Da wuya ya ji cewa 'yarsa tana gyangyaɗi a aji saboda tukwanen gidansa ya yi shiru.

Kada ki ce masa "ka riƙa taimakawa", ba zai san inda zai kama ba. Ki ambaci abin da kike so da sunansa. Ruwa ya koma hannunsa gaba ɗaya: shi zai yi magana da ɗan ga-ruwa guda ɗaya tsayayye, su tsayar da ranakun kawowa da yawan jarkoki, shi zai biya, shi zai san ranar da duro ya yi ƙasa. Gas da gawayi ma haka, kada ki sake jin labarin ƙarewarsu kina tsaka da girki. Cefanen mako kuwa, mutumin da ke wuni a Sabon Gari ya fi kowa sauƙin yinsa. Ki tura masa jerin kayan ta WhatsApp daren Laraba, ya shigo da su ranar Alhamis. Duk waɗannan ayyuka ne da ba za su taɓa masa girma ba, kuma ba sa buƙatar ya zauna a gida. Abu na ƙarshe da za ki roƙa ya fi duka nauyi, shi ne bakinsa. Ya tara yaran da ƙaninsa, shi da kansa ya faɗi aikin kowa. Saurayi ɗan shekara 15 yana jin umarnin uwa da kunne ɗaya, na uba da biyu.

Yanzu Hajiya, kakar yaran. Ina roƙonki kada ki bari maganar nan ta zama tsakaninki da ita. Ɗanta ne zai yi mata bayani, ke taki ziyara ce da gaisuwa da ɗan abin da ya sawwaƙa. Ki kuma yi mata uzuri. Yawancin iyayenmu na cikin Birni a babban gida suka yi zaman aure, ga kishiyoyi, ga faccaloli, ga 'yan mata cike da tsakar gida, wannan na daka wannan na tankaɗe. A gida irin wannan, in aka ga yaro namiji durƙushe gaban kwanuka, dole a tambayi ina matan gidan suka shiga. Da wannan idon take kallon gidanki, ba ta lissafa cewa aikin da mata shida suke rabawa a da, yau mace ɗaya ce ke yinsa bayan ta taso daga aiki, sai yarinyar da ke da jarrabawa a gabanta. Kuma Hajiya ta fi mu sanin rabon aiki. Kwanan girki da aka gada kaka da kakanni ai jadawali ne, kowace mace ta san ranarta, ba a taɓa rubuta shi a takarda ba, amma ba ya tashi, domin kowa ya yarda da shi. Irin wannan yardar kike nema.

Tunda wanke-wanke ne ya tsaya mata, ki bar mata shi, ba a kansa za a yi rigima ba. Aikin da ya rage yana da yawa. Masu wanki da guga da ke kowace unguwa a Zariya maza ne, ba wanda ya taɓa cewa sun koma mata. Kwalejin Barewa tana garin nan tun 1949, ta yaye shugabannin ƙasa irin su Yakubu Gowon da Murtala Muhammad, kuma kowa ya san ɗan makarantar kwana da hannunsa yake wanki da shara. Saboda haka babban ɗanki ya ɗauki wankin yunifom na maza da gugar na kowa, da sharar tsakar gida da ƙofar gida, da kai niƙa, da juye ruwa a duro. In Hajiya ta tambaya, a ce mata ana horar da shi ne don ranar da zai tafi jami'a ko bautar ƙasa. Gaskiya ce kuwa, ranar tana nan tafe, kuma ba za ki bi shi can ba. Sannan a kafa wata ƙaramar doka a kan kowa, har da ke: wanda ya gama cin abinci ya ɗauraye kwanonsa ya kife. Wannan kaɗai zai rage tarin da ke jiran yarinyar nan sosai.

Ƙanin maigida ɗan gida ne, ba baƙon kwana uku ba. Yayansa ne zai gaya masa, ke kada ki sa baki. Ɗakinsa da wankinsa nasa ne, wankin banɗakin da maza ke shiga ma nasa ne, sannan ya riƙa zama da mai shekara 9 bayan Magariba su yi aikin makaranta. In jarrabawarsa ta zo a ɗaga masa ƙafa, ya san ana ganin nasa ƙoƙarin.

Tsarin makon kansa, kada ki ɗauko shi daga hotunan da ake yaɗawa a intanet, inda Asabar ce ranar wanki da goge-goge. A nan abu uku ne ke juya mako: ruwa, wuta, da Islamiyya. Yawancin Islamiyyu suna hutu Alhamis da Juma'a, Asabar da Lahadi kuma da safe yara suna can. Ki duba ta yaranki, in haka take, to yammacin Alhamis da na Juma'a su ne ranakun babban aikin yara. Ranar Alhamis bayan an dawo boko, a kai niƙan garin tuwo na mako, a wanke kayan Islamiyya tunda sai Asabar za a sa su, a wanke banɗaki, a goge kayan sallar Juma'a. Ranar Juma'a ana tashi makaranta da wuri, bayan an sauko daga masallaci an ci abinci sai a wanke yunifom ɗin boko gaba ɗaya da safa da takalma, suna da kwana biyu su bushe. Ruwa ya zama an kawo shi Laraba ko safiyar Alhamis, don kada a tashi wanki a tarar da duro wayam, musamman in bazara ta kama rijiyoyi suka yi ƙasa. Guga kuwa kada ki sa mata rana. Dokarta ɗaya ce: daga Asabar zuwa daren Lahadi, duk sa'ar da aka kawo wuta mai guga ya tashi. In har La'asar ɗin Lahadi ba a kawo ba, a hura dutsen guga na gawayi.

Safiyar Asabar, sa'ad da gida ya yi shiru, taki ce. Nan za ki yi babban girki. Ki markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa na kwanaki, ki soya sosai har ruwan ya ƙone mai ya taso, ki raba a ƙananan robobi, kowace ta girki ɗaya. Ki tafasa nama ki soya. Ki yi kamun koko na mako, a riƙa sauya masa ruwa kullum. Amma ki yi lissafi da wutar unguwarku. In firjinki ba ya riƙe ƙanƙara, kada ki tara miyar mako guda, ki yi ta kwana biyu ko uku a riƙa tafasa ta sosai safe da yamma, kuma abin da ya narke har ya huce a cikin firji kada a mayar da shi ya sake daskarewa. Ranakun tsakiyar mako ki jingina da kuka da busasshiyar kuɓewa, ba sa jiran wuta kuma ba sa cin lokaci. In rani ya yi, tumatir ya yi araha, ki sayi kwando ki yanka ki shanya kauɗa, za ki gode wa kanki da damina. Yammacin Asabar ki bar shi a buɗe. Biki da suna da gaisuwar rasuwa da dubiya ba sa sanarwa da wuri, kuma jadawalin da bai bar musu wuri ba, makon farko zai karye. Lahadi bayan Azahar kuma hutu ne, ki kwanta, ko kwanuka sun kai rufi.

Daga Litinin zuwa Laraba ba ranakun babban aiki ba ne, yara daga boko sai Islamiyya, ke ma a gajiye kike shigowa. Ki ɗaure ƙananan ayyukan da lokutan salla, don yaro yana manta ƙarfe nawa, amma ba ya rasa jin kiran salla. Bayan Asuba kowa ya gyara shimfiɗarsa, babban ya share tsakar gida, mai shekara 9 ya cika butoci ya wanke kofunan shayi. Bayan Isha a ba gida minti goma sha biyar, kowa da kowa a lokaci ɗaya: a rataye yunifom, a haɗa jaka, a fitar da shara, a tsince waken gobe. Auta ma a ba ta nata, ta jera takalma ta kwashe kayan wasanta, a yaba mata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da aka yi da dare cikin minti goma sha biyar, da safe rabin awa yake ci, da ihu a kai.

Ita kuma 'yar tawa, ki cire ta daga aikin safe gaba ɗaya, daga gobe, tun kafin a yi kowane zama da kowa. Wannan a hannunki yake, ba ya jiran izinin maigida ko na Hajiya. Likitoci suna ba da shawarar barcin awa 8 zuwa 10 ga yaro mai shekara 13 zuwa 18. In za ta tashi Asuba, ke nan ƙarfe tara ya kamata ta kasance a kwance, kuma kafin nan tana buƙatar aƙalla awa ɗaya da littafinta. Aikinta na kullum ya zama guda ɗaya, wanke tukwanen dare, a gama shi kafin Isha. Wankin kayanta da na auta ranar Juma'a. Girki kuwa ina so ta iya, kamar yadda nake so yayanta ya iya dafa taliya da shayi, amma ku yi shi tare sau ɗaya a mako, ranar Lahadi bayan ta dawo Islamiyya, kuna hira, ya zama koyo. Na ga 'yan mata da yawa masu ƙwaƙwalwa waɗanda karatunsu ya yi baya a daidai wannan shekarun, ba wanda ya hana su makaranta, aiki ne kawai ya cinye su a hankali saboda su ne ba sa musu. Yarinyar da ba ta cewa a'a, ita ce ya kamata uwa ta fi sa wa ido.

Akwai naki rabon a gyaran nan, kuma yana da wuya. Gugar ɗanki ta farko ba za ta yi kyau ba, shararsa za ta bar lungu. In kika karɓe tsintsiyar kika ce "kawo nan, ba ka iya komai ba", kin sallame shi ke nan, kuma ya koyi hanyar kuɓuta. Ki nuna masa sau ɗaya ko biyu, ki kau da kai. Ranar da ya ƙi goge yunifom ɗinsa, ki daure ki bar shi ya tafi da shi a yamutse, kunyar abokai za ta yi abin da faɗanki bai yi ba. In za ki yi masa gyara, ki ja shi gefe, kada a gaban ƙannensa. Ki kuma rage wa kanki buri. Da hunturu, ko sau uku aka goge tebur a rana ƙura za ta dawo. Sau ɗaya ya isa, a rufe abinci da ruwan sha, shi ke nan. Daren Lahadi ku zauna minti goma, a tambayi kowa abin da ya yi masa wuya a makon, a gyara. In ana so a rubuta a manna a bango, sai bayan kowa ya amsa da bakinsa, kuma yaran ne za su rubuta da hannunsu.

In kin yi magana da maigida bai motsa ba, kada ki mayar da abin yaƙi, kada kuma ki koma gidan jiya. Ikonki a kan 'ya'yanki yana nan, ki raba musu aikin kamar yadda muka faɗa, ki ci gaba da neman ya karɓi ruwa da gas ko da su kaɗai ne. In da hali, ki ware wani abu daga albashi a riƙa kai manyan kaya, zannuwan gado da shaddodi, wurin mai wanki da guga, ko ki samu babbar mace a unguwa mai neman abin rufin asiri ta riƙa zuwa sau biyu a mako, ku yi ciniki a fili, ki biya ta kan lokaci. Abin da ba zan ba ki shawararsa ba shi ne ɗauko ƙaramar yarinya daga ƙauye. Sauke kaya ne daga kan 'yarki ki ɗora wa 'yar wata, ita ma da uwarta da makarantar da ya kamata tana ciki. In kuma an rage aikin, an samu barci, amma har yanzu ke ko ita kuna jin kasala da jiri, ku je asibiti a duba jininku, ƙarancin jini yana yawan samun mata da 'yan matan da suka fara al'ada.

Daren yau, bayan Isha, ki kira ta ɗakinki ku biyu kawai. Ki gaya mata malamarta ta kira ki, kuma ba fushi kike yi ba. Ki ce mata kin ga duk abin da take yi a gidan nan, kin gode, daga gobe kuma in ta yi sallar Asuba ta shirya makaranta kawai. Bayan wata ɗaya ki koma wurin malamar ajin ki tambaye ta ko har yanzu ana barcin, sannan ki rubuto mini in ji.